Ƙofar Baya

Zuwaira ce ta matsa mini, jikata mai karatun Poli:
"Kaka, an kawo fadar shugaban ƙasa Kaduna,
an zuba ta cikin ɗaki uku."
Na ce fada ai ba tumatir ba ce, da za a ɗauko a kwando.
Ta yi dariya, ta tare mana keke a Kasuwar Barci.
Muka haye gada, kogi ya cika,
ya yi ja kamar shayin da aka yi wa rowar madara.

A bakin ƙofa wani yaro, Yusha'u, da kati a wuya,
ya maƙala mini abin ji a kunne.
"Baba, komai a nan taɓawa ake yi."
Ni da na shekara talatin ana ce mini kar ka taɓa.

Na ɗora yatsa kan gilashi, falo ya buɗe.
Darduma ja, labule har ƙasa,
fitilu na reto kamar zangarniyar dawa.
Bango na magana da Hausa mai sanyi:
nan ake karɓar baƙi, nan ake rantsuwa,
nan aka sa hannu, nan aka sha ruwa.

Ga tebur, ga kujera, ga jar waya,
'yan makaranta sun yi layi.
Wata mai giɓi ta haye, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba,
ta ɗaga waya: "A kawo wuta Rigasa yanzun nan!"
Allo ya amsa mata: An zartar.
Malamarsu ta yi dariya har da hawaye.

Ni kuwa idona na kan wata babbar riga
da aka tsare cikin akwatin gilashi.
An karya ta ba daidai ba.
Aska ta karkace, kafaɗar hagu ta tattare,
sitaci ya yi yawa a wuya.
Wanda ya goge ta bai taɓa tsoron kora ba.

Irin gidan nan na yi wa guga, ƙaninsa, na gwamna.
Da dutsen gawayi na fara, ina hurawa da asuba,
ga tabon nan a bayan hannuna.
Riguna nawa suka fita ta ƙofar gaba
da zafin hannuna a jikinsu?
Ni ban taɓa bin ta ba.

Na koma kan taswira, na danna kusurwar baya,
inda ya kamata igiyar shanya ta kasance,
da famfo mai ɗiga, da bishiyar gwaiba.
Na danna. Na sake dannawa.
"Nan ba a sa komai ba, Baba," in ji Yusha'u.

A ɗakin ƙarshe akwai wani lungu mai jar fitila,
baƙo kan bar muryarsa a ciki:
Da kai ne shugaba, me za ka yi?
An ba ni minti ɗaya.
Na gyara murya na ce:
Bitrus kuku, mutumin Kagoro, mai waƙa kan albasa.
Tanimu direba, da bai ga sunan 'yarsa ba.
Iya Ramatu mai shara, da tsintsiyarta ta riga kowa tashi.
Sale mai ban ruwan fulawa.
Ni, Barau, mai guga.
Fitila ta mutu ban kai kan masu gadi ba.

Zuwaira ta ja ni kan kujerar don hoto.
Na zauna a baki-baki, hula a gwiwa.
"Kaka, jingina mana, taka ce!"
Na jingina. Ashe tauri gare ta.

Da za mu fita na ja Yusha'u gefe,
na ce ya buɗe mini akwatin nan,
minti biyar ya ishe ni in gyara kafaɗar.
Ya sosa ƙeya ya ce makulli na wurin oga,
sai dai ko ranar Litinin.

Na ce ina nan tafe.